Fiƙar da Na Dasa wa Kurar Rijiya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da yake bango ɗaya ne tsakanina da ke, har ina jin motsinki kina shirya kaya. Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin natsuwa. Allah ya kiyaye ki a hanyar Yamai, ya kiyaye ki cikin jirgi, ya sauke ki lafiya a ƙasar da za ki. Amin.

Bayan gaisuwa, ba labarin gida zan ba ki ba. Kin san damina ta sake yi mana rowa bana, kin ga layin bido, jarkokin ruwan nan, a bakin famfo da idonki. Wata magana ce da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifinki ya koma ga Allah bai ji ta ba. Ga ta. Fiƙar nan ta gaba da ke jikin muƙamuƙin kurar da za ki tafi da shi, mai kyan nan da kika ce ita za ku huda, ba ta wannan kurar ba ce. Ni na dasa ta ina 'yar shekara goma sha shida. Ta wata kura ce ta zamaninmu da maharbi ya kashe. Abin da ya riƙe ta kuwa danƙon fatar saniya ne.

In kina so ki ajiye takardar ki sha ruwa, sannan ki ci gaba.

Da ban ji hirarku da gwaggonki Delu ran nan ba, ina jin da na tafi kabari da wannan magana. Kuna zaune a inuwar dogon yaro da la'asar, ni ina gefe ina tankaɗe. Kin san bakinta. Ta ce, "Ke 'yar nan, 'ya'yan mutane na tafiya ƙasar waje su dawo likitoci, ke kuma za ki neman dangin kura. Gado ta bari ne za a raba?"

Kika ce, "Gwaggo, ba ke ce kullum kike cewa a binciki asali kafin a ba da aure ba?"

"To wane marar rabo ne ya zo neman auren kura?"

Kuka yi dariya, ni ma na murmusa. Sai kika shiga yi mata bayani a hankali, yadda ba ki taɓa yi mini ba, don ban taɓa tambaya ba. Kika ce cikin ƙashi da haƙori akwai abin da ake kira furotin, kuma ya fi ƙwayar gadon nan da kuke kira ADN jure shekaru, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu. Kika ce kamar tsakiya yake da aka jera a zare, kowace dabba da nata jerin, 'yan uwa na kusa kuma da ƙwaya ɗaya ko biyu suke bambanta. In aka karanta jerin wannan tsohuwar kura, aka ajiye shi kusa da na kurar yau, da na sayaki, da na wasu kuraye da suka taɓa zama cikin kogon duwatsu a ƙasashen sanyi har irinsu ya ƙare, za a ga wa ya fi kusa da wa, a ina kuma zuri'ar ta rabu. Kika ce malamanki hoto kawai suka gani, amma girman muƙamuƙin ya sa suna zaton irinta babu shi a duniya yanzu.

Gwaggonki ta ce, "To in injin ya shirga miki ƙarya fa?"

Kika ce, "Inji ba ya ƙarya, Gwaggo, abin da aka ba shi yake karantawa. In an taɓa manna ƙashi da danƙon fata, saniya zai ce mini. Kuma layi ne da shi kamar na famfo, sau ɗaya zai zo kaina. Haƙori ɗaya zan zaɓa, shi ya sa na zaɓi wanda ya fi lafiya."

Rariyar ta tsaya a hannuna. Ban yi karatu mai nisa ba, a firamare na bar lakwal, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba. In kin huda fiƙar nan, injin zai gaya miki gaskiyar wata kura dabam. Ke kuma ki tsaya gaban malamai ki ce kurar rijiya da kurar yau abu ɗaya ne, ki sa sunanki a ƙasa. Shekarun da kika yi kina karatu da fitilar hannu su tafi a kan aikin wata yarinya mai tsoro. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. To ga ranar ta zo, ga kuma uwar ɗiya.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, daga farko.

Shekarun fari ne, waɗanda suka fi na bana muni. Ruwa ya ƙi zuwa damina biyu a jere. Mutanen ƙauye suka cika bakin gari da 'ya'yansu da tabarminsu, shanu suna faɗuwa a hanya ba mai ɗaga su. Ƙanen innata, Kawu Ari, mai haƙar rijiya ne a Durum. Rijiyoyi sun ƙafe, sai aka sa su ƙara zurfi. Suna cikin haƙa suka wuce yashi, suka kai wata tsohuwar laka mai tauri, a nan ya ci karo da muƙamuƙin. Ya yi duhu kamar gindin tukunya, ga nauyi kamar dutse. Ya kawo wa Baba, kakanki, nan unguwar Birni, don ya ɗinka masa kube na fata, tunda shi baduku ne. Mutane sun ce wa Kawu in ya rataye shi a ɗaki ɓarawo ba zai shiga ba. Baba ya ce, "Ari, bana me ɓarawo zai ɗauka a ɗakinka?" Amma ya karɓa. Kawu ya ce zai dawo bayan damina. Daminar ba ta zo ba, ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, can ya zauna har ya rasu.

Ni a lokacin ba ni da magana. In baƙo ya yi sallama, bayan randa nake ɓuya. Abin da nake da shi littattafan soyayya ne, waɗanda manyan motoci ke kawowa daga Kano. A unguwar Zango akwai wani shagon goro da ake ba da aronsu, ɗan mai shagon kuma, Lawali, ɗan lise ne, wato sakandare, shi ke zama in an tashi daga karatu. Duk saurayin da na karanta a littafi, fuskar Lawali nake sa masa. Amma tsakanina da shi maganar ba ta taɓa wuce "ga littafin" da "to, madalla" ba. Gari na fama da yunwa, ni ina kwance a ɗaki ina tsara abin da zai ce mini da abin da zan mayar masa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka nake.

A littattafan, yarinya takan aika wa saurayi hankici mai turare. Ni ba hankici, ba turare. Wata rana ina jiran a miƙo mini littafi, na ji yana gaya wa abokinsa cewa mushensu, wato malaminsu, ya ce ƙasar nan tamu da can tafkuna ne da dawa, shi kuwa da zai ga abu ɗaya na wancan zamani da ya ji daɗi. Na dawo gida. Ga abin a ɗakin Baba cikin ƙwarya. Na ce in na ajiye shi gabansa, ba sai na yi magana ba, shi zai yi.

Baba ya tafi kasuwar Mirya sayen fatu, don a shekarar fata ta yi yawa, dabbobi na ta mutuwa. Na naɗe muƙamuƙin a gyalena na kama hanyar Zango da rana tsaka. Daga nesa na hango Lawali a ƙofar shago cikin abokansa suna dariya. Na tsaya kamar mai jiran wani, sannan na juya. Da na iso duwatsun Birni, na hau don in sami inda zan yi kuka ba mai gani. Takalmina ya zame. Ƙashin ya fita daga gyalen ya bugi dutse, gabansa ya tsage, fiƙar ta yi tsalle ta faɗa wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu. Na zura hannu har kafaɗa, na sa kara, ban ko taɓa ta ba.

Lawali bai taɓa sanin na zo ba. Kafin shekara ta zagayo, su ma sun rufe shago sun bar gari.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba faɗuwar ba ce. Na ɗauki abin da ba nawa ba don ya yi magana a madadina. Ke ma ba mai yawan magana ba ce, a wurina kika gado. Inda za ki, ba wanda ya san ki balle ya karanci shirunki. In ba ki gane abu ba, ki buɗe baki ki ce ba ki gane ba. In kina son a ba ki wani aiki, ki nema da bakinki. In wani ya kwanta miki a rai, kar ki gina masa gida a cikin kanki ki zauna ciki ke kaɗai. Ki bari a yi magana irin ta mutane, a gaban mutane, ki ji ko muryarsa ta gaske ta yi daidai da wadda kika ba shi.

Na biyu ya fi na farko. Da na sauko daga dutsen, da gida na nufa na jira Baba na ce na fasa, da duka ɗaya ne ko faɗa, ya wuce. Sai na koma kasuwar Zango wurin wata tsohuwa mai kayan magani, irin masu baza ƙaho da fatar maciji a tabarma. Haƙoran kura tuli ne a gabanta, don a shekarar kuraye sun matso gari suna bin mushe, maharba kuma suna bin su. Na tsuguna ina gwada su da ido.

Ta ce, "Budurwa da haƙorin kura? Wa za ki ciza?"

Na ce ƙanena ne ke firgita cikin barci.

Ta dube ni ta ce, "Ƙanen nan naki dai yana da gemu ko?" Ta yi dariya, ta karɓi 'yan kunnena, ta bar ni na zaɓa.

Na girma ina kallon hannun Baba, na san inda komai yake. Na jiƙa haƙorin cikin ruwan bagaruwar da yake jima da shi har farinsa ya dushe. Na ɗumama danƙon da yake dafawa da ɓarɓashin fatar saniya, na haɗe tsagar. Sabuwar fiƙar ta ɗan fi ramin ƙanƙanta, sai na cike gefen da danƙo da garin jar ƙasa. Da ya bushe na shafe wurin da man shanu don launin ya zama ɗaya. Na mayar cikin ƙwarya.

Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne daɗin da na ji. Na riƙa zagayawa ina leƙa shi ina cewa a raina, kai, hannuna ya iya. Ko kusa ban ji na yi laifi ba. Ji na yi na tsira.

'Yata, aikin da za ki yi aiki ne na abubuwa masu saurin lalacewa, kuma na wasu ne, an ba ki amana. Wata rana wani abu zai faɗi daga hannunki, ko ki haɗa abin da bai kamata a haɗa ba. Ranar, kafin ki share wurin, ki kira na gaba da ke ki nuna masa yadda abin yake. Fasasshen abu da aka gani ana iya aiki da shi. Wanda aka gyara a ɓoye kuwa, duk wanda ya zo bayanki zai taka shi yana zaton ƙasa ce. Kuma ki ji tsoron ranar da kika iya ɓoye abu da kyau fiye da ranar da aka kama ki.

Baba ya dawo. Bayan ya huta ya ce in kai masa ƙwaryar a zaure, zai fara kuben. Na kawo na tsaya bakin ƙofa. Ya ɗaga ƙashin, ya juya shi, ya kai shi hanci. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana dafa danƙo, a ce bai san warin nasa ba? Ya daɗe yana kallon fiƙar. Bai dube ni ba. Sai ya ce, kamar da ƙashin yake magana, "Danƙon nan bai dahu ba. Wanda ya yi aikin ya yi sauri."

Ban gusa daga bakin ƙofar ba.

Ya jira. Na san jira yake, don allurarsa na hannunsa bai zura zare ba. Har yau ina iya ganin ƙudan da ke yawo a bakin ƙwaryar. Kalma uku ce, Baba ni ce. Ta zo har maƙogwarona ta koma.

Da ya ga ba zan ce komai ba, ya ce, "Miƙo mini jar fatar can." Maimakon kuben da za a riƙa zarewa, sai ya naɗe gaban muƙamuƙin da fata, ya ɗinke ta kam har gindin fiƙar, yadda tsagar da danƙon duk suka shige ciki. Ɗinkin nan da kike cewa ba za ki warware shi ba sai a labo, ɗakin bincikenku, don na Kaka ne, to abin da ya sa aka yi shi ke nan. Bai sake ta da maganar ba har ya rasu.

Na daɗe ina ce wa kaina ai Baba ya sani, ya kuma yafe, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Ya rufa mini asiri ne don in sami ƙarfin zuwa da kaina, ni kuma na mayar da rufin asirin wurin kwana. In wani ya ga laifinki ya kawar da kai, kar ki ɗauka an gama. Ki bi shi ki faɗa. Mai kawar da kai ya fi mai tsawa nauyi a wuya, don shi ba ranar da za ki ce kin biya.

Za ki ce ina mahaifinki a cikin wannan labari. Shi bai taɓa yin magana irin ta littafi ba. Tela ne, bakinsa kullum da allura. A wata shekarar ƙarancin ruwa, kafin a yi maganar aure, kullum sai mu tarar da bido biyu cike a ƙofar gida, ya ɗauko a kekensa daga nesa ya ajiye ya tafi. Innata ce ta fara cewa, "Wannan yaron da bido yake zance." Na aure shi da yardata, na kuma ji daɗin zama da shi. Amma na yi shekaru ina auna shi da samarin takarda ina ganin ya gaza, sai da ya kwanta ciwo na gane wanda ya gaza. Ban hana ki karanta irin littattafan ba, har yau akwai su ƙarƙashin katifata, kin sani. Ki dai duba abin da mutum ke ɗaukowa, ba abin da yake faɗa kaɗai ba.

Yanzu na zo kan abin da ya shafe ki ke kanki.

Kina ƙarama Baba yakan ɗora ki a cinya ya ce, "Amaryata, zo ki ga sadakinki," ya sauko da muƙamuƙin daga bango. Ke kuma ki ce ba kya son tsoho mai ba da ƙashi. A nan kika fara tambaya. Wace irin kura ce? Me ta ci? Ina 'ya'yanta? Me ya kai ta ƙarƙashin rijiya? Shi yana ƙirƙiro miki amsa, ni ina jin ku daga madafa. Wata rana, bayan rasuwarsa, na shigo na tarar kin sa ɗan yatsa kina girgiza fiƙar. Na doke hannunki da ƙarfin da ban taɓa dukan ki da shi ba. Ba ki yi kuka ba, kallona kawai kika yi. Daga ranar ba ki sake tambayata komai a kan ƙashin ba, daga baya ma ba ki sake tambayata komai a kan komai ba.

Mutane suka ce kunyar 'yar fari ce, ni ma na fake a nan. Gaskiya ne al'ada ta hana ni kiran sunanki, ta hana ni jan ki a jiki gaban mutane, kuma ban raina al'ada ba. Amma al'ada ba ta ce in doke ki don kin taɓa ƙaryata ba. Kunya daban, tsoro daban, ni na haɗa su a tukunya ɗaya na ba ki kika sha. Salamatu. Ga shi na rubuta, tunda baki ya ƙi. Salamatu, ki yafe mini wannan dukan. In Allah ya ba ki 'ya'ya, ki yi musu kunyar da ta dace, amma in yaro ya yi tambaya ki amsa masa, ko da amsar ita ce ban sani ba, ko ni na ɓata.

Akwai kuskurena na ƙarshe, shi ne wanda na fi jin nauyinsa, don ba yarinya ce ta yi shi ba, ni ce da furfurata. Lokacin da kika aika hotunan ƙashin, kika nemi bursu, wato tallafin karatu, kika zo kika durƙusa kika ce in sa miki albarka, na sa da baki. Amma da na yi salla, na roƙi Allah ya sa kar a ɗauke ki. Na ce masa don nisa ne, don ke mace ce, don ƙasar sanyi ce. Shi ya san ba don haka ba ne. Na fi son ƙofarki ta rufe da a warware ɗinkin Baba. Da takardar ta zo an ɗauke ki, gwaggonki ta yi guɗa, ni na shiga ɗaki, kowa ya ce kukan rabuwa nake.

Na tuba ga Allah a kan wannan, yanzu ina neman afuwarki. Shawarar da zan ba ki a nan gajera ce. Duk ranar da kika ji kina fatan wani ya faɗi don kar a ga inda kika yi rauni, ki tashi daga wurin ki yi alwala. Abokan karatunki za su riga ki wani abu, wani zai gano kuskure a aikinki. Kar ki roƙa musu abin da na roƙa miki.

To ga abin da zai yi miki amfani, in akwai. Tsagar tana gaba ne, ƙarƙashin jar fatar. Danƙo da man shanu a nan kawai na sa su, faɗinsu bai wuce yatsu uku ba. Manyan haƙoran ciki na tauna, waɗanda kika ce sun cinye sun yi muni, ban sa musu komai ba, Baba ma bai sa ba. Yadda suka fito daga rijiya haka suke, sai dai hannun mutane da ƙurar bango. Na ji kin ce ɓawon haƙori ya fi ƙashi riƙe abin da kuke nema. Ko za su yi, ko ba za su yi ba, ke da malamanki kuka sani. Ni dai na faɗi inda hannuna ya kai da inda bai kai ba. Ki gaya musu tun ranar farko, kar ki jira su tambaya. In sun ce wa ya yi wannan aika-aika, ki ce uwarki ce, ba sai kin rufa mini ba.

Fiƙar gaskiyar kuwa, na je duwatsun bayan hirarku da gwaggonki. Gidaje sun matso, shara ta cike tsagogin, ban ma iya gane waɗanne duwatsu biyu ba ne. Kar ki sa rai da ita.

Ban sani ba ko bayan wannan za su ce ƙashin ya ɓaci, su ba wani wurinki. Na yi ta juya wannan a raina. In haka ta faru, ni na jawo, kuma ba ni da abin da zan biya ki da shi. Amma na auna, na ga gara ki rasa wurin da ki same shi a kan ƙarya, wata rana wani ya warware ɗinkin a gaban jama'a kina tsaye.

Sauran nasiha kin ji ta a bakin kowa, ba sai na tsawaita ba. Ki riƙe salla ko da rana ta ƙi fitowa a can. Ki ci abinci, kar karatu ya sa ki manta, kin san halinki. Na sa miki kuka da daddawa da yaji a ƙasan jaka, in sun hana shiga da su kar ki yi gardama. In kika ga ruwa na zuba ba mai tarawa, kar ki saba har ki manta garinku. In an tambaye ki me ya sa 'yar ƙasar da ke fama da fari take bin kurar da ta mutu tun kafin kakanni, ki ba su amsar da kika ba gwaggonki da ta yi miki irin tambayar. Kin ce ita ma kurar ta ga ƙasar nan da ruwa, ta ga ya tafi, kina so ki san su wa suka jure, su wa suka ƙare. Na ji amsar, ta zauna mini.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya haɗa ki da malamai masu tsoronsa da abokai masu faɗa miki gaskiya. Ya kare ki daga ciwo a ƙasar da ba ki da kowa, ya buɗe miki abin da kika je nema, ya dawo mana da ke Damagaram lafiya, ko ina raye ko ba na raye. Allah ya jiƙan Baba da mahaifinki da Kawu Ari. Ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Niyyata da na fara rubutun nan ita ce in tura takardar cikin jakarki, tsakanin zannuwa, ki gan ta can bayan kin sauka, lokacin da teku ke tsakaninmu ba sai na ga fuskarki ba. Har na zaɓi zanen. Amma jaka takan ɓata a hanya, kuma na san ki, kina iya wata guda ba ki taɓa zannuwan ba. In ma kin gani, za ki karanta ke kaɗai a ɗakin da ba wanda zai amsa miki, ga tambayoyi da za ki so yi, wace rana, wane gefe, danƙo nawa. Kina da hakkin ki yi fushi a inda zan ji.

Ga shi na ji kin fito tsakar gida kina tambayar inda aka ajiye igiyar ɗaure kaya. Zan ninke takardar in fito in sa miki ita a hannu, in zauna a tabarma har ki gama.

Ni ce mahaifiyarki.